Jar giyar inabi mai araha daga tsohon gida: ragowa ce ko kayan kirki?

Tambaya: "Yaya, barka da aiki. Ni ɗan Kafanchan ne, Kirista, na samu aiki a ɗakin cin abinci na wani otal a Abuja. A jerin abin shan da muke miƙa wa baƙi akwai kwalabe biyu da aka ce duk na gida ɗaya ne a Faransa, gidan Perrin. Ɗaya ana ce mata La Vieille Ferme, mai zanen kaji a jiki, ɗayar kuma Château de Beaucastel, kuɗinta ya ninka na ta farkon sau da yawa. Baƙi suna tambayata ko mai arahar ragowar mai tsadar ce aka sirka, ko kuwa abu ɗaya ne aka sauya wa kwalba. Wani ma ya ce tunda haɗin inabi iri-iri ce, to ba ta da kyau. Me zan ce musu, kuma wacce zan nuna wa wanda ba ya son kashe kuɗi da yawa?"

Ƙanena, barka kadai, Allah ya sa albarka a aikin. Abu uku ka tambaya a dunƙule: ko haɗa inabi iri-iri aibi ne, daga ina arahar ta fito, sannan ko sunan tsohon gida ya isa mutum ya dogara da shi. Tun daga farko ka riƙe wannan: mai arahar ba ragowar mai tsadar ba ce, kuma ba ita ba ce a wata riga. Gonar daban, inabin daban, dokar da ake bi wajen yin su ma daban. Abin da ya haɗa su shi ne mutanen da suke ɗanɗanawa su yanke yadda za a yi haɗin, kuma a ganina wannan ne ainihin abin da baƙonka yake saya idan ya zaɓi mai arahar.

Na san da yawa daga cikin masu karanta wannan Musulmi ne, kuma giya haramun ce a Musulunci, shanta da sayar da ita da ɗaukar ta zuwa ga mai sha. A jihohin da ke bin shari'a, irin su Kano, doka ma ta hana. Ba na kiran kowa ga sha. Ina amsa wa ma'aikaci ne da abincinsa ya rataya a kan ya san kayan da yake miƙawa, kamar yadda nawa ya rataya shekaru da dama a irin wannan aiki.

Gidan da ake magana a kansa

Beaucastel yana kudancin Faransa, a kwarin kogin Rhône, tsakanin garuruwan Orange da Avignon, cikin yankin da ake kira Châteauneuf-du-Pape. Yankin ya yi suna tun ƙarni na 14, lokacin da Fafaroma ya bar Rum ya zauna a Avignon daga 1309 zuwa 1377. Sunan Beaucastel kuwa ya faro ne daga 1549, shekarar da wani Pierre de Beaucastel ya sayi fili a wani wuri da ake ce wa Coudoulet. Amma iyalin da ke riƙe da gidan yanzu ba su kai haka daɗewa ba. A shekarun 1860 wani ɗan ƙwaro mai cin saiwar inabi, wanda ya shigo daga Amurka, ya fara ɓarna a wannan kwari kafin ya mamaye gonakin Turai. Bayan wannan masifar ne, a 1909, Pierre Tramier ya sayi gonar, daga baya ta koma hannun mijin 'yarsa, Pierre Perrin. Ɗansa Jacques Perrin shi ne ya ɗaga gidan, ya riƙe shi har rasuwarsa a 1978, sai 'ya'yansa Jean-Pierre da François suka ɗora. Yau zuriya ta biyar ce ke aiki tare da su.

Abu biyu Jacques ya yi da suka shafi tambayarka. Tun daga shekarun 1950 ya daina dogaro da magungunan feshi na zamani a gonar, a lokacin da maƙwabta suke rububin su. Sannan ya ƙi bin yayin cika gona da inabi iri ɗaya. Dokar yankin ta amince da iri 13, kuma Beaucastel na cikin gidaje kaɗan da suke noma dukkan su. Wato kwalbar nan mai tsada da baƙonka yake ganin ta fi ƙarfin haɗi, ita ce ma ta fi kowace haɗi a jerinku. La Vieille Ferme kuwa Jean-Pierre ne ya ƙirƙiro ta a 1970, da niyyar a samu abin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya saya ranar da ba biki ba.

Me ya sa ake haɗawa

A nan nake so ka tsaya sosai, domin nan ne baƙi suka fi yin kuskure. Sun saba da kwalaben Amurka da Chile da Ostireliya masu ɗauke da sunan inabi ɗaya da manyan baƙaƙe, Merlot ko Cabernet Sauvignon, sai suka ɗauka duk abin da ba haka ba tarkace ne aka tattara. A kudancin Faransa kuwa haɗi shi ne asali, kuma zafin wurin ne ya jawo shi.

Babban inabin yankin shi ne Grenache. Yana son rana, yana jure fari da iska, yana tara sukari da yawa, saboda haka giyarsa takan yi ƙarfi da laushi da ƙamshin jajayen 'ya'yan itace. Amma launinsa ba ya da duhu, baurinsa kaɗan ne, kuma iska tana saurin tsufar da shi. Idan aka bar shi shi kaɗai a shekara mai tsananin zafi, sai ka ji barasa ta yi masa yawa, ba abin da ya riƙe ta. Syrah yana kawo launi mai duhu da wani ƙamshi kamar na masoro, kuma yana nuna da wuri. Mourvèdre ba ya nuna sai can ƙarshen kaka, yana da bauri, yana kuma tsayawa gaban iska, don haka shi ne yake ba wa haɗin tsawon rai. Cinsault yana sassauta nauyi. Carignan yana ƙara ɗan tsami da launi, ga shi da yawan haihuwa a gona. Ka dubi yajin mai tsire: ƙuli-ƙuli kaɗai ba yaji ba ne, barkono kaɗai ba ya ciwuwa, citta kaɗai ba ta isa ba, gwanintar tana wajen sanin gwargwadon kowanne.

Akwai kuma lissafin manomi. Grenache yana da wata matsala: idan sanyi ko ruwa ya same shi lokacin fure, furen yakan kakkaɓe, 'ya'yan su yi kaɗan. Mourvèdre kuma idan ruwan kaka ya riga shi, an yi asara. Wanda ya shuka iri ɗaya, shekara ɗaya marar kyau ta isa ta durƙusar da shi. Wanda ya shuka iri huɗu ko biyar masu nuna a lokuta daban-daban, idan wannan ya gaza wancan zai rufa masa asiri. Shi ya sa gwargwadon haɗin yake sauyawa daga shekara zuwa shekara, alhali ɗanɗanon da mai saye ya saba da shi bai cika sauyawa ba. Wannan daidaito shi ne aikin da ya fi wuya, kuma gidan da ya yi shekara ɗari yana yin sa ya fi sabon shiga sanin makamarsa.

Idan ina koya wa sababbin ma'aikata, nakan jera musu kofi uku: ɗaya na Grenache zalla, ɗaya na Syrah zalla, na uku babu komai. Wanda ba ya sha, hancinsa da idonsa sun ishe shi. Ka karkata kofin a kan farin kyallen tebur, za ka ga na Grenache yana da haske har kana hango zaren kyallen ta cikinsa, na Syrah kuwa ya yi duhu har gefensa yana ɗaukar shuɗi-shuɗi. Sai in zuba kashi biyu na farkon da kashi ɗaya na biyun a kofi na uku, in juya, in miƙa. Nan take ake jin bambancin: zaƙin ƙamshin farkon yana nan, amma yanzu akwai abin da ya tokare shi daga ƙasa. Wanda ya yi wannan sau ɗaya ba ya sake cewa haɗi aibi ne.

Daga ina arahar ta fito

Farko dai ƙasa. Faransa ta shata iyakokin yankunan inabinta da doka, kuma Châteauneuf-du-Pape na cikin na farko da aka yi wa haka a 1936. Gonakinsa da yawa a rufe suke da mulmulallun duwatsu da kogi ya bari tun da can, suna shan zafin rana su sake shi da dare. Ga iskar arewa mai ƙarfi, Mistral, da take busar da ganye ta rage fumfuna. Filin da ke cikin wannan iyaka ba ya ƙaruwa, masu son sa kuma suna da yawa, don haka kuɗin hekta ɗaya a can ya ninka na gonakin da ke kewaye fiye da sau 10. Duk wanda ya sha daga cikin iyakar, yana biyan kuɗin ƙasar.

Sannan dokar yankin ta ƙayyade yawan abin da za a matsa: lita 3,500 a hekta, wato kwalba kusan 4,700. Dole a girbe da hannu, dole a tsince a ware wanda bai yi kyau ba. A manyan yankunan da ke kewaye, kamar Côtes du Rhône da Ventoux, an yarda a haura lita 5,000 a hekta, kuma ana iya girbi da inji. Ƙasa mai araha, amfani mai yawa, ƙwadago kaɗan, ka ga tun kafin a kai inabin wurin matsa, tazarar kuɗin ta riga ta buɗe.

La Vieille Ferme ta yi suna ne da inabin gangaren dutsen Ventoux, wanda tsayinsa ya haura mita 1,900, inda dare yake da sanyi fiye da kwarin. Haɗinta na Grenache ne da Syrah da Carignan da Cinsault. Kuma yawancin inabin ba daga gonar iyalin yake fitowa ba, daga manoman da suke hulɗa da su ne. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne, sana'a ce sananniya a Faransa: gida mai suna ya saya daga manoma, ya zaɓa, ya haɗa, ya sa sunansa. Ana ajiye ta a manyan tankuna da manyan gangunan katako na tsawon lokacin da bai kai shekara ɗaya ba, a ɗura a kwalba, a fitar. Kuɗin gidan ba ya daɗewa a kwance. Beaucastel kuwa ana tsima kowane iri daban, a haɗa, a bar shi kusan shekara a manyan ganguna, kuma an yi shi ne don ya yi shekara 10 ko 20 a kwalba yana ƙara kyau. Jira ma kuɗi ne.

To me ya sa na amince da mai arahar? Domin gidan da sunansa ya kai haka yana da abin da zai rasa. Manoma sun fi son sayar wa mai saye da yake dawowa kowace shekara ya biya a kan lokaci, don haka shi yake fara zaɓe. Kwalbar nan mai araha kuma ita ce ta fi shiga hannun jama'a a duniya, idan ta lalace, sunan iyalin ne ya zube. Ba za ta ba wa baƙo zurfin Beaucastel ba, kada ka yi masa wannan alkawari. Abin da za ta ba shi shi ne giya mai tsabta, mai laushi, wadda ba ta da zaƙin sukari, kuma ta bana ba ta yi nisa da ta bara ba.

Tsakanin biyun akwai matakai da ya kamata ka sani, ko da otal ɗinku bai ajiye su ba. Famille Perrin Côtes du Rhône Réserve haɗin Grenache ne da Syrah da Mourvèdre, ta ɗan fi La Vieille Ferme nauyi da tsada. Sama da ita akwai Coudoulet de Beaucastel, wadda a wajena ita ce ta fi kowacce biyan kuɗinta a gidan nan. Gonarta, mai kusan hekta 30, ta iyalin ce, tana daf da ta Beaucastel, babbar hanyar mota mai lamba A7 ce kawai ta raba su. Iyakar doka ta bi ta wurin, sai Coudoulet ta faɗa waje, aka hana ta babban sunan. Ƙasar kusan iri ɗaya, masu noman su ne dai, kuɗin kuwa bai kai rabi ba. Idan akwai kwalbar da za a iya kira ƙanwar mai tsadar da gaskiya, ita ce wannan.

Ba gidan Perrin kaɗai ke yin haka ba. Guigal, wanda Etienne Guigal ya kafa a 1946 a garin Ampuis, yana da Côtes du Rhône da Syrah ya fi yawa a cikinta, ta fi duhu da bauri. A Sifaniya gidan Torres, da aka kafa a 1870, yana fitar da Sangre de Toro tun 1954, mai ɗan bijimin roba rataye a wuyan kwalba, kuma inabinta su ne Grenache da Carignan ɗin nan da sunayensu na can. A Italiya iyalin Antinori suna cikin sana'ar tun 1385, mai arahar su ita ce Santa Cristina. A nahiyarmu kuma akwai Kadette ta gidan Kanonkop a Stellenbosch, Afirka ta Kudu, wadda ake haɗa Pinotage da Cabernet Sauvignon da Merlot a cikinta.

Abin da zafin ƙasarmu yake yi wa kwalba

Duk wannan tarihi ba ya amfani idan kwalbar ta dahu a hanya, kuma a nan ne na fi ganin ana asara. Kwantena takan daɗe a tashar jirgin ruwa ta Legas rana tana dukan ta, sannan ta hau babbar mota zuwa Arewa, sannan ta zauna a sito da babu sanyi. Na taɓa shiga siton wani wuri da na yi aiki na tarar an jingina katan-katan da bangon ɗakin janareto. Da na zaro kwalba ɗaya, murfin ya ɗan turo sama har ya kumbura takardar ƙarfen da ke rufe da shi, ga wani jan zare mai danƙo ya gangaro ta wuya ya bushe a kan takardar. A kofi launin ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ƙamshin kamar na 'ya'yan itacen da aka dafa suka kwana. Irin wannan ba ta da gyara, ko sunan wa ke jikinta. Saboda haka kafin ka kai wa baƙo, ka duba murfi da wuyan kwalba, ka duba shekarar girbi. La Vieille Ferme an yi ta ne a sha cikin shekara biyu zuwa uku, sabuwa ta fi tsohuwa. Idan kuma ka buɗe ka ji warin jiƙaƙƙen kwali, murfin ne ya ɓata ta, ka sauya ba tare da gardama ba. Murfin murɗawa kuwa ba alamar ƙarancin daraja ba ne, a yanayinmu ma ya fi kwanciyar hankali.

Jabu ma yana nan. A Disamban 2023 hukumar NAFDAC ta kai samame kasuwar Eziukwu a Aba inda ta gano wuraren da ake ɗura giyar jabu a kwalaben sanannun kamfanoni. Ka duba lambar NAFDAC da sunan kamfanin da ya shigo da kayan a takardar baya, kuma idan wani ya kawo wa sitonku katan a kuɗin da ya yi ƙasa da na dillalin da kuka sani ƙwarai, ka gaya wa manaja.

Sai batun sanyi wajen miƙawa. An ce jar giya ana shan ta a yanayin ɗaki, amma ɗakin Turai ake nufi, mai maki 16 zuwa 18 a ma'aunin zafi na Celsius, ba ɗakin Abuja a watan Maris ba. Waɗannan haɗe-haɗen ƙarfinsu yakan kai kashi 13 zuwa 14 da ɗoriya cikin ɗari, idan suka yi ɗumi barasar ce take fara dukan hanci. Minti 20 zuwa 30 a firji kafin a buɗe yana gyara su ƙwarai. Da abincinmu kuma mai arahar takan fi dacewa, domin barkono yana ƙara zafin barasa yana kuma tsananta bauri. Tsire, gasasshiyar kaza, dafa-duka, duk sun fi tafiya da mai laushi mai ɗan sanyi. Baƙon da ya sa aka kawo masa farfesu mai yaji sosai sannan ya nemi Beaucastel, ka gaya masa cikin ladabi cewa yajin zai rufe abin da ya biya kuɗi don ya ji, naman rago gasasshe marar yaji ya fi dacewa da ita. Kwalba ɗaya tana ba da kofi biyar na mililita 150, wadda aka buɗe kuma a rufe ta a sa a firji, kada ta wuce kwana biyu ko uku.

Inda shawarata ta tsaya

Tsohon suna ba ya nufin iyalin suna nan. Gidan Robert Mondavi na Kalifoniya, alal misali, ya koma hannun babban kamfanin Constellation a 2004, sunan bai sauya a kwalba ba. Wannan bai sa kayan sun zama marasa kyau ba, amma hujjar da na kawo maka ta cewa iyali suna tsaron sunansu ba ta hau kansu ba. Araha kuma a wajenmu abu ne mai motsi: abin da yake na talaka a Faransa, kafin ya biya kuɗin jirgi da na kwastan da ribar otal, ga canjin Naira, ya zama na mai hali. Don haka ka kwatanta ta da sauran kwalaben da ke jerinku a yau, ba da labarin kuɗinta a Turai ba.

Harshe ma ba ɗaya ba ne. Baƙi da yawa a nan sun saba da jar giya mai zaƙi, idan ka kawo musu wannan za su ce ta yi ɗaci, kuma ba laifi suka yi ba. Ka fara tambayar mutum me ya saba sha da kuma me zai ci, kafin ka ambaci kowane gida. Sanina na teburin baƙo ne da sito, don haka gwargwadon haɗin kowace shekara ka neme shi wajen wakilin kamfanin da yake kawo muku kaya. Gidajen nan suna fitar da takardar bayani ga kowane girbi, ka roƙe shi ya kawo maka ta shekarar da ke sitonku, ya kuma buɗe wa ma'aikata kwalba ɗaya ku sansana kafin ku fara miƙa ta.